Giyabos daga Amurka ko Dubai, nawa jirgi da kwastam za su ci kafin ta iso Kano?

Mai_Honda_Hotoro

Assalamu alaikum 'yan'uwa, dan Allah masu harkar shigo da kaya da ejan-ejan ina neman shawararku kafin in tura kuɗi. Motata Honda Accord ce 2008 otomatik mai silinda huɗu, giyarta ta daɗe tana sulɓewa, da ta yi zafi sai ta ƙi shiga ta uku injin na ta ihu mota ba ta ja, yanzu dai bakanike ya ce a bar batun gyara sai dai a sauke giyabos ɗin a saka wata. Na zaga kasuwar safaya ta Ƙofar Ruwa a nan Kano, akwai kaya amma kuɗin ya min yawa, kuma duk wanda na tambaya tafiyar nawa ta yi sai ya ce min ai Beljiyam ce lafiya lau, garantin ma na 'yan kwanaki ne.

To yarona ya duba min a eBay mun ga wata a Amurka dala 600, an rubuta an cire ta daga motar da ta yi hatsari ta baya kuma har hoton mita suka saka, sannan akwai wani ɗan'uwa a Dubai ya ce zai iya samo min a Sharja. Da na juya dala 600 zuwa naira sai na ga akwai sauƙi sosai, amma zuciyata ba ta kwanta ba sbd ban san me zai biyo baya ba. Shin kwastam kashi nawa suke karɓa a kan kayan gyaran mota? a kan kuɗin da na saya ake lissafi ko yaya? jirgin sama ko na ruwa? Wani kuma ya ce in sa a sauke min a Kwatano a shigo da ita ta mota wai ba a biyan komai tunda ƙasashen ECOWAS ne, shin da gaske ne? Da motar nan nake kai yara makaranta nake zuwa aiki, kuɗin adaidaita ya fara cinye ni wlh.

Ejan_Tinkan

Wa alaikumus salam Malam, Allah ya sa a dace. Gara da ka tambaya tun kafin ka tura, da yawa sai kaya sun sauka suke kiranmu hankali a tashe.

Abu na farko kwastam ba a kan dala 600 ɗinka za su yi lissafi ba. Abin da suke kallo shi ne CIF, wato kuɗin kayan da kuɗin ɗauko su da inshora duk a haɗe, to ka ga kenan duk yadda jirgi ya yi tsada haka ma kuɗin fito zai hau, jirgi ya cije ka kwastam ma su ɗora nasu a kai. Tsarin da Najeriya ke bi na ECOWAS ne mai mataki biyar, 0 da 5 da 10 da 20 da 35 cikin ɗari, kuma kowane kaya da lambarsa ta HS, wato lambar da kwastam ke gane irin kaya da ita su san matakin da ya faɗa. Yawancin kayan gyaran mota irin su giyabos, birki, shokzoba, lagireto, suna ƙarƙashin 8708, amma inji ba nan yake ba, batir ma daban taya daban fitila daban, shi ya sa in wani ya ce maka "safaya kashi kaza ne" kai tsaye to bai san aikin ba, sai an duba lambar.

Bari in maka misali da lissafin da muka saba. A ce giya dala 600, ɗaukowa 380, inshora 20, ya zama 1,000 cif. A ce lambarta ta faɗa kashi 10, duti, wato kuɗin fito, dala 100 kenan. Sai kashi 7 na shi dutin, dala 7. Sai kashi 1 na kuɗin kayan kawai, dala 6. Sai rabin kashi ɗaya na ECOWAS a kan CIF, dala 5. Sannan a tattara duka, 1,118, a ɗora harajin VAT kashi 7.5 wanda tun Fabrairun 2020 yake haka, ya kama kusan dala 84. Haɗa ka gani, kusan dala 202 na gwamnati kawai. Giyar dala 600 ta koma 1,200 kuma har yanzu tana Legas ba ta fito daga fot ba, ba a biya tamina ba, wato masu filin ajiye kaya a fot, ba a biya kamfanin jirgi nasu na sakin kaya ba, ba a biya ni ejan ba, ba a saka ta a motar Kano ba. A 2025 kuma an kawo wani kashi 4 a kan kuɗin kaya wanda ke cikin dokar kwastam ta 2023, 'yan kasuwa da masu masana'antu suka yi ca aka dakatar aka dawo da shi aka kuma dakatarwa, don haka ranar da za ka biya ka ce ejan ya nuna maka takardar kimantawa ka ga layi-layi me aka saka.

Abu biyu da suka fi duk wannan ɗaga wa mutane hankali, ɗaya farashin dala. Ba da canjin ranar da ka sayi kaya ake lissafi ba, akwai canjin da ke cikin na'urar kwastam, wanda ya shigo da kaya a farkon 2024 ya san abin da nake faɗa, a cikin 'yan makonni aka yi ta sauya shi kaya na kan ruwa kuɗin fito na hawa. Na biyu kuma ba dole ba ne su yarda da risit ɗinka, musamman tsohon kaya, in suka ga kuɗin ya yi ƙasa da abin da suke da shi a ma'ajiyarsu za su ɗaga ƙimar su ce ka cika, kana jayayya kuma kuɗin ajiya na ƙaruwa kullum da zarar 'yan kwanakin kyauta sun ƙare.

Ga batun takardu, in da sunanka za ka shigo da kaya ta ruwa akwai Fom M, takardar shigo da kaya da ake buɗewa ta banki, akwai PAAR, takardar da kwastam ke kimanta kaya da ita, sai lambar haraji TIN, wasu kayan kuma kamar taya da batir da takalmin birki sai da takardar SONCAP ta shaidar inganci. Don giya ƙwaya ɗaya wannan wahalar ba ta da amfani gaskiya, ka nemi mai kwantena ya saka maka a cikin nasa ya faɗa maka kuɗi ɗaya har Kano.

Bakanike_Kofar_Ruwa

Oga ejan ya gama magana ta ɓangaren kuɗi, ni ta ɓangaren ƙarfe zan yi. Alhaji kafin maganar kwastam ka fara tabbatar da giyar za ta hau motarka. Accord 2008 ba iri ɗaya ba ce, akwai mai 2.4 akwai V6 mai 3.5 giyarsu ba ta shiga ta juna, sannan wadda ake kira Accord a Turai a shekarar wata mota ce daban ƙarama, ita ce Amurkawa ke kira Acura TSX. Ka duba lambar shasi a ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, harafi da lamba 17 ne, in ta fara da 1HG ƙirar Amurka ce in JHM ce Japan. Ka tura wa mai sayarwa lambar, sannan ka sa a goge jikin giyarka da fetur a ɗauki hoton ƙaramar takardar da ke manne a jiki, shi ma ya ɗauko maka hoton tasa da soket-soket ɗinta a gwada. Akwai giyar da za ta ɗauru tsaf duk notin ya shiga amma soket ɗaya ya bambanta, sai a kama yanke waya ana haɗawa, fitilar D tana ta ƙiftawa, mota ba ta ƙara komawa daidai.

Sharja akwai kaya ba ƙarya, unguwar masana'antunsu cike take da rabin mota, sai dai da yawa daga Japan suke zuwa masu sitiyari a dama, to irin su rak na sitiyari da fitilun gaba da dashbod sai an kula sosai. Ɗan'uwan naka in ba ɗan harka ba ne ya tafi da wanda ya sani.

Amma ni in ka tambaye ni wlh ban goyi bayan ka ɗauko giya daga nesa ba. Ba wai don ina Ƙofar Ruwa ba. Giya ba a sanin lafiyarta sai an ɗaura an saka mai an hau titi ta yi zafi. In ta nan ce ta ƙi, a sauke a mayar wa mai shago ya sauya maka, asararka kuɗin aiki da mai. In ta Amurka ce fa? za su ce garantin kwana kaza ne daga ranar da ka saya, kafin ta iso ya ƙare a kan ruwa, ko bai ƙare ba wa zai biya kuɗin mayar da ƙarfen da ya kusa kilo 90 da akwatinsa? dutin da ka biya ma ya tafi. Mai shagon da kake ganin ya tsawwala, shi ma duk kuɗin da oga ya lissafa ya biya su, sai dai shi ya raba su a kan kwantena guda kai kuma za ka ɗora a kan abu ɗaya. Ka matsa masa ya ba ka garanti a rubuce, ka je da bakanikenka ya zare sandar mai ya shinshina, in man ya yi baƙi yana warin ƙuna a bar ta, a kwance notin ƙasa a duba maganaɗisun in ya tara garin ƙarfe da yawa ita ma a bar ta. Duk inda ka samo kuma dan Allah ka saka man Honda DW-1 kar a zuba maka kowane jan mai, a kuma wanke layin da ke bi ta lagireto, dattin tsohuwar giya shi ke kashe sabuwa.

Mai_Honda_Hotoro

Na gode ƙwarai Allah ya saka da alheri, na duba tawa 1HG ce. Oga ejan to in ta jirgin sama ce fa tunda ina sauri? na ji ana cewa yanzu ƙananan kaya ba a biyan duti. Kuma ba ku ce komai ba kan maganar Kwatano.

Hajiya_Mai_Kago

Ƙanina bari in amsa maka ta jirgin sama tunda ita nake yi, daga Gwanzu ta China nake ɗauko kaya har da ƙananan safaya na wasu kwastomomina. Su masu jirgi awo biyu suke yi, su ɗora a sikeli sannan su auna kwalin da tef, tsawo sau faɗi sau tsayi a santimita a raba da 5,000 in kamfanonin gaggawa ne irin DHL, kago na gama-gari kuma 6,000, wanda ya fi yawa a ciki shi za ka biya. Ɗauki bamba, ba ta da wani nauyi yaro ma zai ɗaga, amma kwalinta in ya kai 180 da 60 da 50 to kilo 108 za a rubuta maka ko 90 a kago. Mutum ya ga bamba da araha a intanet ya saya, kuɗin jirgi ya ninka kuɗinta, na ga wanda ya haƙura ya bar tasa a sito. Giyarka kuma nauyin gaske gare ta, su na gaggawa abu ɗaya in ya haura kilo 70 akwai ƙarin caji, kuma ba za su ɗauka ba sai an tsiyaye man tas an ɗaure ta a kan katako. Iyabag da batir da wasu shokzoba masu gas a kayan haɗari ake lissafa su, wasu ma sam ba sa karɓa.

Abin da ya dace da jirgin sama shi ne ƙaramin abu mai tsada wanda jabunsa ya cika kasuwa, sensa, kwal, nozul, birenbos, solinoid na giya, waɗannan kam ka ɗauko orijina ka huta. Maganar da ka ji gaskiya ce, a Satumban 2025 kwastam suka sanar kayan da bai wuce dala 300 ba an yafe masa duti, amma sau huɗu a shekara kuma ban da kayan da aka haramta, taka ta 600 ba ta ciki. Kar kuma wani ya ce maka a rubuta 250 a risit, in aka buɗe aka ga giya sukutum kai za ka sha wahala ba shi ba.

Sannan Amurka akwai kuɗin da ba ka gani sai wajen biya. Yawancinsu ba sa turowa Najeriya, sai ka ba su adireshin mai haɗa kaya a can, to daga jihar mai sayarwa zuwa sito akwai kuɗin mota, kuma akwai harajin saye da ya danganta da jihar da siton yake, Hustan kashi 8.25 ne, Delawaya kuwa babu, shi ya sa da yawa ke ajiye sito a can. In giyar da aka sake ginawa ce ba tsohuwa ba, akwai wani kuɗin jingina da suke ɗorawa sai ka mayar musu da tsohuwarka su dawo maka da shi, kai kuma ba mayarwa za ka yi ba, ya zama naka ya tafi.

Duk mai kagon da za ka ba wa ka tambaye shi a rubuce a WhatsApp ba da baki ba, kuɗin nan har da kiliyarin ne? har Kano ne ko Legas? da canjin wace rana zan biya, ranar lodi ko ranar sauka? in ta fashe ko ta ɓata wa zai biya? Wanda ya fara kame-kame a ta ƙarshen nan ka riƙe kuɗinka. Araha ba ta ado ƙanina.

Dan_Maradi

Salamu alaikum, ni daga Maraɗi nike, in ce wani abu bisa zancen Kwatano dan mu ta nan munka fi sanin ta. Malam wanda ya ce maka ba a biyan komi bai gaya maka daidai ba. Sassaucin ECOWAS na kayan da anka ƙera cikin ƙasashen ne da takardar shaida, giyar Honda da ta fito Amurka ko ta kwana shekara a Kwatano ba ta zama 'yar Benin ba, in ta zo iyaka sai an biya. In ba a biya ba sunanta fasa-ƙwauri kuma ko ina bisa hanya ana iya kama ta. Ku ma kun san a Janairun 2017 Najeriya ta hana shigo da motoci ta iyakar ƙasa, sannan Agustan 2019 anka rufe iyakokin baki ɗaya har Disamban 2020, mutane nawa kayansu sunka maƙale lokacin.

Mu nan Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 gadar Gaya da Malanbil, ta iyakarmu da Benin, ta tsaya, manyan motocin da ke ɗauko muna kaya daga Kwatano sunka koma Lome su bi ta Burkina, Kaya, Dori, Tera, sai an jira rakiyar soja, hanya ta yi nisa kuɗɗin mota ya hau kuma duk bisa kan mai saye yake ƙarewa. Duwan namu, wato kwastam, matakansu ɗaya da naku har 35, amma TVA tamu, wadda kuke cewa VAT, 19 ce ba 7.5 ba, ga kuma rabin kashi ɗaya da AES, ƙungiyar Nijar da Mali da Burkina, ta saka a 2025 bisa kayan da ke shigowa daga waje. Sauƙinmu guda, sefa tana ɗaure da yuro, yuro guda sefa 655.957 ne, in daga Beljik ko Faransa ka yi oda ka san lissafinka ba ya motsi kamar naira. Duk da haka da yawa cikin masu garejinmu in abu ya lalace Kano suke aikowa, a saya Ƙofar Ruwa a bi ta Jibiya da Ɗan Isa ya iso da wuri. Kai da kake cikin Kano abin da mu muke biyan mota da duwan mu samu yana bakin ƙofarka.

Ejan_Tinkan

Hajiya da ɗan'uwa na Maraɗi sun faɗi gaskiya, Kwatano ka cire ta a lissafi. Sai dai ban yarda da bakanike ɗari bisa ɗari ba, akwai inda ɗaukowa ke da riba. In kana da wanda ke loda motoci daga Amurka, kwantena mai ƙafa 40 bayan an ɗaure motoci akwai sarari a ƙasa da gefe, nan ake cusa inji da giya, kuɗin da zai caje ka bai kai rabin na jirgin sama ba kuma ka san tarihin abin da ka saya. Sharaɗin kawai a rubuta ta a takardar kaya a biya mata nata, don in ba ta ciki aka gano wajen bincike kwantenar duka za ta tsaya a kan giyarka, har da motocin mutane. Kuma kar ya haɗa ta da tsofaffin tayoyi, su haramtattu ne gaba ɗaya. In an fito ka karɓi kwafin takardar biyan duti ka ba direban da zai kawo Kano saboda masu sintiri a hanya. Akwai tashar tsandauri ta Dala a Zawaciki da aka buɗe a Janairun 2023, amma wannan sai mai kwantena guda da ya rubuta Kano tun daga wajen lodi.

Matsalarka ita ce lokaci Malam. Kafin a cika kwantena a loda, ta yi tafiyar ruwa, a yi kiliya, ka saka wata biyu zuwa uku a ranka. Ka ɗauki biro ka lissafa kuɗin adaidaitan yara da naka na wata uku ka ɗora a kan dala 1,200 ɗin can da na ejan da motar Kano, sannan ka kwatanta da na Ƙofar Ruwa. In kana so ka sa a tambayo maka farashin kasuwar safaya ta Ladipo ma a Legas don ka samu abin yin ciniki. Turo min nauyin da girman akwatin da mai eBay ɗin ya rubuta da jihar da yake, zan duba maka lambar HS ɗin in fitar maka da lissafin a naira da canjin yau.